Amsoshin Tambayoyinku: Taimin Cen da Baƙin Man Gora

Wata malamar makaranta daga Birnin Kebbi ta rubuto cewa marigayi maigidanta ya bar mata Corolla ƙirar 2007. Makanike ya ce mata lokacin canjin taimin cen, wato sarƙar da ke daidaita tafiyar sassan inji, ya yi saboda motar ta ci tafiya, alhali ita ba ta jin wata ƙara. Kuɗin da ya yanka mata ya hana ta barci.

Allah ya jiƙan maigida, Malama, ki kwantar da hankalinki. Injin Corolla ta 2003 zuwa 2008 sarƙar ƙarfe gare shi, ba bel na roba ba. Bel ake canzawa da lissafin kilomita. Ita sarƙa a cikin inji take, baƙin mai na wanke ta, kuma idan ta samu kula takan daɗe ƙwarai. In ba ki jin kacau-kacau daga gaban inji lokacin tayar da mota da safe, fitilar inji ba ta kunnu ba, ƙarfin mota bai ragu ba, to ki riƙe kuɗinki. In ya nace, a sa mata kwamfuta a gabanki. Lambar P0016 na cikin masu nuna cewa karanshaf da kamshaf, sandunan ƙarfe biyu da sarƙar ke haɗawa, sun daina tafiya daidai.

Wani ɗan kasuwa a Gusau yana da Accord ƙirar 2004 mai silinda huɗu. Ya ce tana ƙara da safe na ɗan lokaci sannan ta yi shiru. Ya ƙara da cewa man da ake aunawa a gora yake zuba mata, don ya fi sauƙi.

Alhaji, ka ba kanka amsa da bakinka. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira tanshina, shi ke ɗaure sarƙa ta tsaya tsam, kuma da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Idan man ya lalace ya zama kamar kwalta, ƙananan hanyoyinsa sai su toshe, tanshina ya makara, sarƙa ta yi ta dukan robobin da ke riƙe da ita har su cinye. Wannan ita ce ƙarar da kake ji.

Abin yana ci mini rai. Mutum ya sayi mota ta miliyoyi, amma ya tsaya bakin titi a auna masa man da bai san asalinsa ba, a gorar ruwa da ƙura ta lulluɓe. Wani man tsohon juye ne aka tace aka sake sayarwa. Galan mai tambari ma ba a tsira ba, jabu ya yi yawa, sai ka duba murfi da hatiminsa, ka kuma sayi naka a wurin dila ko gidan man da ka sani. Ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu a hanyar Gusau zuwa Talata Mafara, amma sai a yi wata shida ana ciko ba juye, filta kuwa ba a ma tuna da shi. Ranar da sarƙa ta tsallake haƙori, fistin ya haɗu da bawul ya lanƙwasa su, abin da aka yi tattali na shekara guda ba zai biya rabin gyaran ba. Ka yi juye yau da mai na kirki da sabon filta. In ƙarar ta ci gaba, a buɗe a duba, kada ka hau doguwar hanya da ita.

Wani daga Jega na tambaya ko ya zuba wa inji man giyar mota mai kauri don ƙarar sarƙa ta ɓace. A'a. Rufe kunne ba ya warkar da inji, sai dai ya ƙarasa shi.

Mai Camry ƙirar 2000 daga Argungu yana neman sarƙar da ta fi inganci. Malam, injinka na 2.2 bel yake amfani da shi. Wanda ya ce zai sayar maka da sarƙarsa, ka bar shagonsa.

Daga Kaura Namoda kuma an tambayi ko a sa sarƙar Beljiyam. Ban ba da shawara ba, domin ido ba ya gane yadda ta miƙe. A sayi sabon saiti gaba ɗaya: sarƙa, tanshina, robobi, da haƙoran in sun ci. Ka tsaya a gareji a nuna maka alamomin taimin sun hau daidai, makanike ya juya injin da hannu zagaye biyu kafin a sa makulli, sannan ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire.