Shawarar Lauya: Na ci cacar ƙwallo a waya daga Kano, kamfanin ya riƙe mini kuɗi

Assalamu alaikum Barista, barka da aiki. Ni mazaunin Kano ne, ina tsaron shagon maigidana a kasuwa. Na ɗan jima ina buga cacar ƙwallo a waya. A watan jiya tikitina ya ci naira 640,000, amma da na zo cirewa sai kamfanin ya rufe asusun, wai sunan da ke kansa bai yi daidai da na bankina ba. Gaskiya da sunan ƙanina na buɗe shi. Akwai kuma naira 85,000 da na zuba ban buga ba, su ma sun maƙale. Ba zan ɓoye maka ba, kusan naira 200,000 daga cinikin shago na riƙa ɗauka da niyyar in mayar idan na ci, kuma ƙarshen wata maigida zai yi lissafi. Kamfanin yana da lasisin gwamnatin tarayya, na gani a shafinsu, don haka na san doka ta yarda da su ko'ina a Najeriya. Ni kuma ba shagon caca na shiga ba, a wayata nake yi. Ina so in maka su a kotu a nan Kano. Ta ina zan fara?

Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da zan faɗa maka ya dogara ne a kan abin da ka rubuto kawai, kuma idan aka ga takardu wani abu na iya sauyawa. Amma tun da wuri ka sani cewa ginshiƙin da ka ɗora maganarka a kai, wato lasisin gwamnatin tarayya, ba ya nan yadda kake zato.

A da, akwai dokar caca ta ƙasa ta shekarar 2005, wadda ta kafa hukumar tarayya mai ba kamfanoni lasisi. Da wannan takarda suke cewa suna da izinin aiki a duk faɗin ƙasa. Jihar Legas ta ƙalubalanci dokar tun a 2008, wasu jihohi suka shigo cikin shari'ar, har ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi doka a kan caca. Dalilin kotun shi ne, kundin tsarin mulki na 1999 bai sanya caca a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka ba, bai kuma sanya ta a jerin da tarayya da jihohi ke tarayya a kai ba. Abin da bai faɗa cikin jerin biyu ba kuwa, na majalisun jihohi ne. Inda kawai Majalisar Tarayya ke da ta cewa a wannan fanni shi ne Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka yi ita ce, me dokar Jihar Kano ta ce? Legas ta zaɓi ta yarda da harkar, ta yi dokarta a 2021, tana da hukuma mai ba da lasisi da karɓar haraji. Kano ba ta bi wannan hanya ba. A nan, kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci na shekarar 2000 ne ke hawa kan Musulmi, kuma caca laifi ce a ƙarƙashinsa. Ko a dokar Final Kod, wato kundin laifuffuka na gama-gari da ya shafi kowa, buɗe gidan caca ba tare da izini ba laifi ne tun da daɗewa. Shi ya sa bayan hukuncin Kotun Ƙoli hukumar Hisbah ta bayyana cewa za ta ci gaba da rufe shagunan cacar ƙwallo, domin hujjar da masu shagunan ke karewa da ita a baya ita ce wannan lasisi na tarayya. Idan ma kamfanin naka ya samu lasisin Legas ko na wata jiha daga baya, izinin waccan jiha ne, ba ya tsallako iyaka ya halatta maka abin da dokar jiharka ta hana.

Sai batun waya, wanda na lura matasa da yawa sun dogara da shi. A ƙa'ida, dokar laifi tana bin wurin da aka aikata abu ne. Kai kana zaune a Kano lokacin da ka zaɓi wasannin, ka tura kuɗin, ka danna. Kasancewar kwamfutar kamfanin tana Legas ko wata ƙasa bai ɗauke ka daga Kano ba. Gaskiya ne lauya na iya tsayawa a gaban alƙali ya yi jayayya cewa an rubuta waɗannan dokoki tun kafin zuwan manhajojin waya, kuma sashe na 36(12) na kundin tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da aka fayyace a rubutacciyar doka tare da hukuncinsa. Yana iya kuma kawo sashe na 37, mai kare sirrin mutum da na wayarsa, idan an bincike wayar ba bisa ƙa'ida ba. Waɗannan hujjoji ne na kare kai ga wanda aka riga aka gurfanar, suna iya karɓuwa, suna iya faɗuwa. Ba izini ba ne, kuma ba zan so ka fahimce su a matsayin izini ba.

To, yanzu ka duba ƙarar da kake son shigarwa. Idan Kotun Shari'ar Musulunci ka nufa, da wuya ƙwarai alƙali ya saurare ka a kan kuɗin da ka ci. A fiƙihu cinikin caca ɓatacce ne tun daga tushe, bisa hanin da ya zo a Suratul Ma'ida, kuma alƙali ba ya tilasta wa wani ya cika yarjejeniyar da Shari'a ta ɓata. Idan Babbar Kotu ko ta Majistare ka nufa, abu na farko da lauyan kamfanin zai ce shi ne kotu ba ta taimaka wa mutum ya ci moriyar yarjejeniyar da ta saɓa wa doka. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce, kuma a ganina tana da ƙarfi a kan irin shari'arka. Abin da ya fi damuna shi ne, kafin a kai ga nan sai ka yi rantsuwa a rubuce cewa kai Musulmi mazaunin Kano ka buga caca sau kaza da kuɗi kaza. Takardar da ka shigar don neman haƙƙi ita ce za ta zama shaida a kanka, kuma a cikin tambayoyi dole a zo kan inda ka samo kuɗin.

Ban da wannan, ranar da ka buɗe asusun ka danna cewa ka amince da sharuɗɗansu. Yawancin irin waɗannan sharuɗɗa suna faɗin inda za a kai rikici idan ya taso, galibi wurin da kamfanin yake, ko kuma a ce sai dai a je gaban mai sasanci. Kotu kan girmama irin wannan sharaɗi. Idan kuwa kamfanin ba shi da rajista a Najeriya sam, kamar wasu da ke aiki da lasisin ƙasashen waje, to ko sammaci ma isar da shi aiki ne babba, balle karɓo kuɗi bayan hukunci.

Matsalar suna ita ma ba ƙarama ba ce. A idon doka, wanda ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin shi ne wanda sunansa ke kan asusun, wato ƙaninka. Kai da ka zuba kuɗin baƙo ne a takarda. Idan za a yi ƙara shi ne mai ƙara, kuma ka ga ka jawo shi cikin abin da watakila bai san hawa ba bai san sauka ba. Idan bai kai shekara 18 ba lokacin da aka buɗe asusun, lamarin ya ƙara lalacewa. Kamfanin kuma zai fake da cewa dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta masa tantance abokan hulɗarsa, kuma a wannan gaɓar yana da abin riƙewa.

Wannan bai sa na wanke su ba. Kamfanin da ya yi watanni yana karɓar kuɗi daga asusun banki mai wani suna daban bai ce uffan ba, sai ranar da biya ya hau kansa sannan ya tuna da tantancewa, bai yi adalci ba, kuma abin ya yi yawa a wannan harka. Da a ce da gaske suke, da sun tsayar da kai tun a zubin farko. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ke hannunka, sai dai wurin amfani da ita teburin sasanci ne, inda ba sai ka yi rantsuwa a kan kanka ba.

Shawarata ita ce ka raba kuɗin gida biyu a ranka. Naira 640,000 da ka ci, kada ka gina komai a kansu. Suna iya fitowa, amma ba zan ce maka kana da tabbataccen haƙƙin da kotu a Kano za ta karɓo maka ba. Naira 85,000 da ba a buga ba kuwa matsayinsu daban ne, domin kuɗi ne da aka ajiye ba a yi caca da su ba, kuma da wuya kamfani ya kawo dalili mai kyau na cinye su. Mai sunan asusun ya rubuta musu ƙorafi ta imel, ya sa lambar asusun da ranakun zubi da shaidar banki, ya nemi a mayar da ragowar zuwa asusun da suka fito a rufe harkar, ya ba su wa'adi. Ku adana hoton tikitin da duk saƙonnin da suka turo kafin a goge. Idan sun yi shiru, sai a kai ƙorafin ga hukumar jihar da ta ba su lasisi, ko ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Wasiƙar lauya guda ɗaya kan motsa kamfanin da ya yi kunnen uwar shegu da saƙon mutum. Duk abin da za a rubuta ya zama gaskiya, kada ƙaninka ya ce shi ya buga alhali ba shi ba ne, kada kuma a gyara wata takarda don sunaye su dace. Nan take maganar za ta koma ta jabu da zamba, wadda ta fi cacar nauyi nesa ba kusa ba.

Za ka kuma haɗu da masu cewa suna da mutum a cikin kamfanin, ka biya wani abu a buɗe maka asusun. 'Yan damfara ne. Kada ka ba kowa lambar BVN ko lambar sirrin da banki ke turowa. 'Yan sanda ma ba wurin zuwa ba ne a kan wannan, dokarsu ta 2020 ta hana su kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma kai ne za ka fara amsa tambayoyi.

Yanzu bari in zo kan abin da ka ambata a tsakiyar wasiƙarka ka wuce, wanda a wurina shi ne ainihin shari'ar da ke gabanka. Kuɗin shago amana ce a hannunka. Ɗaukar su ka yi amfanin kanka ba da izinin mai su ba shi ne cin amana a Final Kod, kuma hukuncin ya fi tsanani idan wanda ya aikata yaron gida ne ko ma'aikacin mai dukiyar. Niyyar mayarwa ba ta cika kuɓutar da mutum ba, sai dai ta sa a sassauta. Kamfanin caca ba zai sa a kama ka ba, amma maigidanka yana iya yin haka ran da lissafi ya ƙi fita, kuma shi yana da littafin ciniki da shaidu.

Kada ka jira ƙarshen wata. Bambanci ne babba tsakanin yaron da ya zo da kansa ya faɗa da wanda lissafi ya tona, a wurin maigida da kuma a wurin alƙali idan abin ya kai can. Ka nemi babba wanda maigidan ke jin nauyinsa, mahaifinka ko limamin unguwa ko wani dattijo a shugabannin layinku, ku je tare. Ka faɗi adadin gaskiya baki ɗaya, kada ka rage a gano saura daga baya. Ka tafi da abin da za ka iya ajiyewa a ranar, ko kaɗan ne, sannan a rubuta yarjejeniyar biya kashi-kashi, da adadi da ranaku, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, duk biyan da ka yi kuma a ba ka shaidarsa. Idan ana son abin ya ƙara ƙarfi, akwai sashen sulhu a ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano inda ake ƙulla irin wannan yarjejeniya. In faɗa maka a fili, sulhu ba ya goge laifi kai tsaye, kuma ba wanda zai tilasta wa maigidanka ya karɓa. Amma a aikace, mai dukiyar da ya ga kuɗinsa na dawowa ba ya cika zuwa caji ofis ba, kotuna ma suna ƙarfafa sasantawa a irin wannan.

Idan duk da haka aka kai ka wurin 'yan sanda, kana da damar yin shiru har lauyanka ya zo, beli kyauta ne a doka, kuma ba a yarda a kama ƙaninka ko mahaifinka a madadinka ba. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba ko ba a karanta maka ba.

Wajen rubuta yarjejeniyar, ka ɗora ranakun biya a kan abin da kake samu da guminka da abin da 'yan'uwa suka yi alkawarin taimakawa. Kada ka ci bashin manhajojin ba da rance don cike giɓin, kada ka sake buga wani tikiti da sunan maido da abin da ya tafi, kuma kada ka yi wa maigida alkawarin wata rana da ta dogara da kuɗin da ke hannun kamfanin. Idan ranar ta zo kuɗin ba su fito ba, takardar da ka sa wa hannu ita za a ɗauka a tafi da ita kotu.