Amsa: Maimaita "zan yi arziki" kafin barci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko maimaita "zan yi arziki" kafin barci har kwana 21 zai sa zuciyarka ta jawo maka kuɗi. Gaskiya ba zai jawo ba. Yawan hango nasara ma kan sanyaya jiki, mutum ya ji kamar ya riga ya samu. Aikin da ake maimaitawa ne ke zama jiki, kuma binciken Phillippa Lally, wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Landan, ya nuna yakan ɗauki wajen kwana 66, wasu har 254.

Ka ɗaura niyyarka a kan lokaci: "In na rufe shago a kasuwar Wunti da magariba, zan jefa naira 500 a asusu." Abu ɗaya tak. In rana ɗaya ta kuɓuce maka, ka ci gaba washegari.