Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Cewa "Satiated"?

Tambaya: Malam, na ci karo da kalmar "satiated" a karatuna, ƙamus kuma ya ce ma'anarta cikakkiyar gamsuwa. Idan malamina ya yi mini bayani na gamsu sosai, zan iya ce masa "I am satiated with your explanation"? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, don Allah kada ki faɗa masa haka. Kalmar da kike nema ita ce "satisfied".

Tushensu ɗaya ne, kalmar Latin "satis", wato "ya isa", kuma "satiate" ta shiga Turanci tun ƙarni na 15. Sai dai aikinsu ya bambanta. "Satisfied" ita ce gamsuwa: an biya miki buƙata, hankalinki ya kwanta. "Satiated" kuwa ƙoshi ce, irin wadda ko an ƙaro miki sai ki ɗaga hannu ki ce a bari haka. Sau da yawa ma tana ɗauke da alamar gundura, an samu abu har ya fara fita daga rai. Kin ga ke nan malaminki zai iya ɗauka cewa kike yi bayaninsa ya ishe ki, alhali yabo kika nufa. Wannan shi ne abin da ke damuna da ƙananan ƙamusoshi, su ba ɗalibi ma'ana su bar shi bai san inda ake ajiye kalmar ba.

Muhallinta shi ne duk abin da rai ke kwaɗayi: yunwa, ƙishirwa, sha'awa, son sani. Za ki iya rubuta "his curiosity was satiated", wato ya ji duk abin da yake son ji. Kuma kalma ce ta rubutu. Wanda ya ƙoshi da abinci a hira "I'm full" yake cewa, shi ke nan.

Masana abinci suna yawan amfani da 'yar uwarta "satiety", wato jin ƙoshi bayan cin abinci. A 1995 Susanna Holt da abokan aikinta a Jami'ar Sydney ta Ostareliya sun auna abinci iri 38 don gano wanda ya fi riƙe ciki, dafaffen dankalin Turawa ya zo kan gaba.

Ki kula da furuci, nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe: "satiated" ana cewa sei-shi-ei-tid, "satiety" kuma sa-tai-ya-ti. Kishiyarsu "insatiable", wanda ba ya ƙoshi, za ki fi gamuwa da ita a jaridu, musamman idan ana maganar haɗamar dukiya ko mulki.