Foyil mai ƙyalli zai rage zafi a ɗakin jirgin ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Katsina, ina kuma da jirgin ruwa mai inji a madatsar ruwa ta Zobe da ke Dutsin-Ma. Na sa an yi masa ƙaramin ɗaki da rufin kwano, inda yarana ke hutawa, a nan kuma muke ajiye kular kifi. Da rana ta take ɗakin ba ya shiguwa, ƙanƙara ma ba ta kai la'asar. An ba ni shawarar in sayi foyil ɗin nan mai ƙyalli da ake sa wa rufin gida, in manna shi a jikin kwanon daga ciki, in buga filawud a kansa. Zai yi aiki?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Alhaji, foyil ɗin yana aiki, amma idan ka matse shi tsakanin kwano da filawud kamar yadda aka gaya maka, kuɗinka ka zubar.

Da tsakar rana a bazara, kowace murabba'in mita ta rufinka tana karɓar wajen wat 1,000 na hasken rana. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kwano mai duhu ko wanda ya yi tsatsa yakan wuce digiri 60. Daga nan sai ya riƙa turo hucinsa ƙasa, kan duk wanda ke zaune a ciki. Wannan hucin shi foyil ke tarewa. Alminiyam mai sheƙi yana mayar da kusan kaso 95 cikin ɗari na hucin da ya faɗa masa, shi kansa kuma ba ya fitar da huci sai ɗan kaɗan. Sharaɗin ɗaya ne: fuskar mai ƙyalli ta kalli fili, kada ta taɓa komai. Da zarar ta manne da wani abu, zafi zai ratsa ta kai tsaye, domin alminiyam ƙarfe ne mai saurin ɗaukar zafi. Ka taɓa riƙe gasasshen kifi da aka naɗe a foyil, ai ka san yadda yake ƙona hannu.

Don haka ka ce wa kafintanka ya buga siraran katako a ƙarƙashin kwanon, ya shimfiɗa foyil a kansu, ya sake buga wasu katakon, sannan filawud. Ratar da ke tsakanin foyil da filawud kada ta gaza santimita 2, kaurin babban yatsa ke nan. Ya rufe mahaɗar da salatif na alminiyam. Idan foyil ɗin gefe ɗaya ne mai ƙyalli, ya kife shi, gefen mai ƙyallin ya kalli ƙasa. Wannan na da muhimmanci a wajenmu saboda ƙurar hunturu: fuskar da ke kallon sama tana tara ƙura, ƙyallin ya dushe, aikinta ya ragu, ta ƙasa kuwa ƙura ba ta zama a kanta. Wanda ke da kumfar leda a tsakiya ya fi jure wahala, amma kumfar ba ta tare wani zafin kirki. Ƙyallin da ratar su ne aikin.

Ni da jirgina ne, da waje zan fara. Zan wanke kwanon, in kankare tsatsa, in shafa farin fenti sau biyu. Sannan in ɗaga rumfar tamfol mai haske ko ta zana a saman rufin, da tazarar kamar taƙi ɗaya, yadda iskar kan ruwa za ta riƙa ratsawa. Rufin da rana ba ta taɓa ba bai da hucin da zai turo. A ɗaure rumfar da kyau, kuma a iya naɗe ta cikin sauri, domin iskar farkon damina kan taso ba sallama, rumfa a kan jirgi kuwa tana kama iska sosai. Idan akwai tagar gilashi, a sa mata foyil daga waje lokacin da jirgin ke tsaye, a cire shi kafin a tashi domin direba ya ga gabansa.

Akwai abin da nake so ka kula da shi ƙwarai, domin ran yaranka ne. Kada neman sanyi ya sa a toshe ɗakin. A bar ƙofar iska a ƙasa ta gaba, wata kuma a sama, nesa da salansar inji. Hayaƙin inji da na janareta na ɗauke da iskar guba marar wari, kuma tana kashe mai barci a rufaffen ɗaki. Foyil yana ɗaukar wutar lantarki, don haka wayoyin batir da na sola su bi ta cikin bututun roba, kada ƙusa ta huda su. Foyil mai leda kuma yana kamawa da wuta, a nisanta shi da salansa da murhu.

Kan ruwa akwai laima, raɓa kuma kan taru a ƙarƙashin kwano da asuba. A bar 'yar kafa a gefuna biyu na ratar da ke tsakanin kwano da foyil domin ta bushe, in ba haka ba katako ya ruɓe, kwano ya ci tsatsa ba ka gani ba. Da dare kuma a buɗe tagogi, domin foyil ɗin da ya hana zafi shiga yana rage fitarsa.

Kada ka sa ran ɗakin zai fi iskar waje sanyi. Iyakar abin da za ka samu shi ne ya zama kamar inuwa mai iska. Batun ƙanƙara kuwa, kaurin soson da ke jikin kular ne ke riƙe ta. Ka ɗaga kular daga daɓen jirgin a kan katako, ka duba robar murfin ko ta saki, ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara inda iska ke bugawa, a kuma rage yawan buɗe ta.