Intanet ta Wayar Lantarki: In Zuba Jarina Ko In Haƙura?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan wuta ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na shekara 12 a wannan sana'a, na ɗan tara abin da Allah ya hore. Wasu matasa injiniyoyi sun zo mini da shawarar mu kafa kamfanin da zai raba wa unguwanni intanet ta cikin wayoyin lantarkin da ke kan falwaya. Sun ce ba haƙa rami, ba jan sabuwar waya, duk gidan da ke da wuta ya zama kwastoma. Ni zan kawo kaso mafi tsoka na kuɗin. In shiga ko in haƙura?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsata ita ce kada ka sa kuɗinka a wannan tsari yadda suka kawo maka shi. Ba ƙarya yaran suka yi maka ba, fasahar tana nan kuma tana aiki. Wutar gida tana kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, shi kuwa saƙon intanet ana ɗora shi a kan wayar a zango na can sama, galibi tsakanin megahaz 2 zuwa 30, wato kaɗawa sau miliyan 2 zuwa 30 a daƙiƙa, sai su bi hanya ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. A lissafin kuɗi ne maganarsu ta karye.

Sun ce waya tana nan, ba sai an ja sabuwa ba. Haka ne, sai dai wayar da aka yi don ɗaukar wuta aka yi ta, ba ta da rufin da ke killace sigina. Abu na farko da zai tare ku shi ne taransifoma. Ita tana barin wuta ta wuce, amma tana shanye siginar intanet, don haka kowace ɗaya sai an yi mata na'urar tsallake. Sannan siginar tana raunana da tafiya, bayan 'yan ɗaruruwan mita sai an kafa wata na'urar da za ta farfaɗo da ita. Duk waɗannan a sama suke, cikin rana da ruwa da tsawa, kuma ba kowane yaro ne zai hau ya gyara ba, sai ma'aikacin da aka horar da aiki kusa da babban layi. Bayan duk wannan, intanet ɗin ita kanta sai kun sayo ta daga wani wuri, kun kawo ta bakin unguwar ta wayar fayiba, wadda ke ɗaukar saƙo da haske, ko ta eriya. Kuɗin haƙa ramin da suka ce an tsira da shi, ga shi ya dawo ta bayan gida.

Ka tambaye su gida nawa ke rataye a taransifoma ɗaya a inda suke son farawa, domin ribar ko asarar a nan take. A Amurka taransifoma guda kan ɗauki gidaje ƙalilan ne, shi ya sa kuɗin na'ura a kan kowane gida ya yi tsada. A Turai takan ɗauki gida ɗari ko fiye, kuɗin ya rabu, amma sai gidajen su raba gudun layi ɗaya, da yamma kowa ya hau, abin ya koma tafiyar hawainiya.

Akwai kuma rigimar rediyo. Doguwar waya marar rufi da ke ɗauke da sigina a wancan zango eriya ce, ko an so ko ba a so ba, kuma zangon shi ne na rediyon gajeren zango, wanda jiragen sama da na ruwa da masu aikin agaji ma ke amfani da wani ɓangarensa. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta fitar da dokokin wannan fasaha a 2004, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ARRL ta kai ta kotu, a 2008 kuma kotu ta ce hukumar ta sake duba aikinta. Maganin da ake yi shi ne a toshe wasu sassan zangon, kuma duk sashen da aka toshe, gudun intanet ɗinka ne ya ragu.

Da a ce ba wanda ya taɓa gwadawa, da na ce kila ku ne za ku buɗe ƙofar. An gwada, kuma masu aljihu mai zurfi ne suka gwada. A Ingila kamfanin Nor.Web ya fara a yankin Mancesta, ya rufe a 1999. Kamfanin wuta na RWE a Jamus ya fara sayarwa a 2001, ya janye a 2002. Aurora Energy na tsibirin Tasmaniya a Ostareliya ya dakatar da gwajinsa a 2007. Garin Manassas a jihar Bajiniya shi ne abin nuni a Amurka, ya kai wa gari gaba ɗaya a 2005, ya kashe a 2010 da 'yan ɗaruruwan kwastomomi a hannu. IBEC, wanda ya nufi ƙauyukan Amurka har IBM ta shiga aikinsa, ya rufe a farkon 2012 bayan guguwar 2011 ta lalata masa kaya. Wanda na fi so ka tsaya a kansa shi ne Current, wanda Google na cikin masu zuba masa jari. A 2008 ya sayar da layinsa na Dallas ga kamfanin wuta na Oncor a kan dala miliyan 90, shi kuwa Oncor bai sayar wa kowa intanet da shi ba, sa ido a kan layukansa ya koma yi da shi. Yayin da waɗannan ke fama, fayiba tana sauka a farashi, intanet ta wayar hannu tana ƙara gudu. Yau da su za ku yi gasa.

Abin da ya fi damuna a kanka shi ne wayar ba taka ba ce. Falwayar, taransifomar, izinin hawa, duk na kamfanin wuta ne. Zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da suka sauya layi ko suka ɗaga kuɗin haya, kai da ka kawo uwar kuɗi ne za ka kwana da na'urorin da ba su da mai saye. Idan kuma wutar yankin ba ta tsayawa, na'urorinku na sama sai da batir, wani kuɗin ke nan.

To ina kuɗin yake a wannan fanni? Wuri biyu na gani. Na farko mita. Kamfanin wuta na Enel a Italiya ya sa wa gidaje kusan miliyan 30 mitar da ke aika lissafinta ta wayar wuta, Faransa ma ta bi da mitarta ta Linky. Saƙon mita ɗan kaɗan ne, ba ya neman gudu, shi ya sa abin ya zauna. Amma wannan kwangilar kamfanonin wuta ce, iyakarka kawo kaya ko ɗaurawa.

Na biyu shi ne daidai da kai: cikin gini. Akwai 'yan na'urori da ake sokawa a soket, ɗaya kusa da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ɗaya a ɗaki mai nisa, su ɗauki intanet ta wayar bango. Suna bin ƙa'idojin HomePlug ko G.hn. A nan ba taransifoma a tsakani, wayar ta mai ginin ce, tazarar gajera. Otal mai kaurin bango, makaranta, tsohon ginin da ba a son fasawa, duk kasuwarka ce, kuma ka riga ka san masu wayarin da ke shiga irin waɗannan wurare.

Ko nan ma gani ya kori ji. Na taɓa tsayawa a wani gini ana gwada su: a ɗakin farko bidiyo na tafiya sumul, aka matsa ɗakin da ke kan wani layin wutar daban, sai ya fara tsayawa, aka soka wata caja mai araha a gefensa, sai ya ƙara lalacewa. Lambar da aka buga a kwali ba ita za ka samu a bango ba. Ekistenshan mai kariyar tsawa yana kashe siginar, inbata da injin walda suna cika layi da hayaniya. Saboda haka kada ka sayar da su kamar kwan fitila. Ka sayar da aikin gaba ɗaya: a je a gwada ginin, a ɗaura, a ba da garanti.

Ga abin da zan so ka gaya wa matasan. Ka sayo saiti 5 ko 6, ku nemi gine-gine 3 masu wayarin iri daban-daban, su auna gudun kowane ɗaki safe da dare na wata guda, su kawo maka a rubuce tare da kuɗin da aka kashe a kan kowane ɗaki. In kuma har yanzu zuciyarsu na kan raba wa unguwa intanet, su je su tambayi kamfanin wuta nawa ne hayar falwaya don rataya fayiba. Fayiba ce hanyar da kamfanin wutar garin Chattanooga na Amurka ya bi, ya ja ta a yankinsa, a 2010 ya fara sayar da gudun gigabit guda. Su dawo maka da wannan farashin a takarda, sannan a zauna maganar jari.