Datuk ba hakimi ba ne, kawu ne

Malam, ka tambaya ko datuk na ƙabilar Minangkabau ta Indonesiya daidai yake da hakimi ko dagaci. Ni ma haka na zata lokacin da nake karatu a Padang, a Sumatra ta Yamma, sai da wani abokina ya kai ni ƙauyensu kusa da Batusangkar bikin naɗin kawunsa.

An yanka ɓauna, dattawa sun sha baƙaƙen kaya, aka yi ta jawabi cikin karin magana har ƙafafuna suka sage don zama. Na tambayi abokina cikin 'ya'yan sabon datuk ɗin wa zai gaje shi. Sai ya yi dariya ya nuna ƙirjinsa. A can dangi ta wajen uwa ake bi, sarautar kan sauka daga kawu zuwa ɗan 'yar'uwarsa. Ɗan cikinsa ba shi da rabo.

Suna kiransa penghulu, datuk laƙabinsa ne. Ba ƙasa yake mulki ba, zuriyar kakarsa yake riƙo. Gonakin gado da babban gida suna hannun mata, shi mai tsaro ne kawai. Ko jingina ba a yi sai kowa ya yarda, kuma sai da dalili mai ƙarfi: gawa a gida, aurar da budurwa, gyaran gidan gado, ko tayar da sarautar kanta. Rikicin gona da na aure nan ne aikinsa, sannan ya zauna da sauran datuk a majalisar gari; irin wannan gari suna kiransa "nagari". Wata dokar gwamnati ta 1979 ta mayar da "nagari" ƙananan ƙauyuka, sai wajen 2001 aka dawo da tsarin.

Za ka ce ina maganar gado a Musulunci? An gwabza tsakanin malamai da masu al'ada a yaƙin Padri, wanda aka gama a 1838. Yanzu dai abin da mutum ya nema da guminsa ana raba shi bisa shari'a, na kakanni kuma ya bi mata. Malamai na ta muhawara har gobe.

Da dare na ga sabon datuk ya kama hanyar gidan matarsa. Can baƙo ne. Su da kansu suna ce wa miji toka a kan kututture, iska kaɗan ta ɗauke ta.