Mai fenti ya ce zai feshe rim ɗina ciki da waje, in bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina farfaɗo da tsohuwar Land Cruiser 80 ƙirar 1994 wadda nake shiga daji da ita. Na samu rim na alminiyam guda biyar na hannu, inci 17, an ce daga Nissan Patrol aka ciro su, kuma ramuka shida ne kamar nawa. Mai fenti ya ce in kawo su tare da motar ya feshe su ciki da waje. Na taɓa ganin taya ta fice daga mota tana cikin gudu, kuma iyalina nake ɗauka a wannan motar, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, kuma gara da ka tambaya tun rim ɗin ba su shiga hannun mai fenti ba.

Maganar ramuka gaskiya aka gaya maka: Land Cruiser 80 da Patrol duk 6x139.7 ne, wato ramuka shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Sai dai wannan awo ɗaya ne kawai cikin huɗu. Juya rim ɗin ka karanta bayansa. Nemi lambar ET, wadda ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje, ka kwatanta da ta rim ɗin asali, domin idan ya shige ciki da yawa taya za ta goga, idan kuma ya fito waje da yawa boris ne zai sha wahala. Nemi nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka, ya kai aƙalla rabin nauyin da aka halatta wa gatarin baya. Rim ɗin da ba a rubuta masa komai ba, bar wa mai shi kayansa. Sannan ka gwada shi a hob na gaba, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a kansa, ka ga ramin tsakiya ya shiga ba tare da dole ba, kuma bai taɓa birki ba. Inci 17 ba laifi, in dai taya ta rage da isasshiyar kauri a gefe don ranar da za ka sauke iska a cikin yashi.

Kada ka karɓi notin Patrol ka ɗaura a motarka. Zaren Nissan M12x1.25 ne, na Toyota M12x1.5, wato kaurinsu ɗaya amma tazarar zaren ta bambanta. Zai kama zagaye ɗaya ko biyu ya cije, wani ya sa ƙarfi, zare ya tafi. Zaren noti na mota ne, mazauninsa kuma na rim: in ramin rim mai gangare ne, noti mai tsini, in shimfiɗaɗɗe ne, noti mai wosha. Kuma ya shiga aƙalla zagaye 8.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato "ciki da waje" ɗin nan. Kusan kullum sai na yi wannan gardama da wani. Mutane sun ɗauka boltin nan shida su ne ke ɗauke da mota kamar yadda ƙusa ke riƙe riga a bango. Ba haka ba ne. Aikin bolti shi ne ya matse bayan rim da fuskar hob, ƙarfe a kan ƙarfe, matsewar ce ke ɗaukar nauyi. To sai mai fenti ya zo ya shimfiɗa fentin ƙasa, ya bi da launi, ya rufe da na sheƙi a daidai wannan fuska da cikin mazaunin noti. Ka ɗaure, ya yi tsam, ka ce shi ke nan. Ka sauko gangare kana taka birki, hob ya ɗauki zafi, fentin ya yi laushi ya murƙushe. Kaurin da ya ɓace bai kai na takarda ba, amma boltin ma miƙewarsa ba ta wuce haka ba, don haka matsewar ta ragu sosai. Daga nan rim ya fara motsi a kan bolti, a hanya mai gargada kuwa abin ba ya ɗaukar lokaci. Ramuka su zama kamar ƙwai, bolti su riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Na riƙe irin wannan rim a hannuna. Fentin da ke kewaye da kowane rami ya zama gari, ga baƙin zane yana fitowa daga ramukan kamar an ja da gawayi, bolti biyu sun gutsure. Mai motar yana ta rantsuwa cewa ya ɗaure da kyau, kuma na yarda da shi. A kan fenti ya ɗaure.

In ka yi wa mai fenti magana zai ce shekara nawa yana yi ba a taɓa dawo masa da ƙorafi ba. Wanda tayarsa ta fice ai ba wurin mai fenti yake komawa ba, bakanike yake zagi. Bakaniken kuma maganinsa ɗaya ne, ya ƙara matsewa da bindigar iska ko ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa, har boltin ya miƙe ya wuce iyakarsa. Wasu har mai suke shafa wa zare, alhali awon da ke littafin mota na busasshen zare ne. Haka nan kada ka bari a ƙone tsohon fenti da wuta, ko a yi wa tsagaggen rim na alminiyam walda a rufe da fenti. Zafi yana kashe ƙarfin da aka ba ƙarfen tun a masana'anta, ido kuma ba ya ganin hakan.

Saboda haka ka tsaya a kansa a manne tef a fuskar da ke haɗuwa da hob, da ramin tsakiya, a toshe mazaunin noti, kafin a fara feshi. In an riga an fesa, a kankare har ƙarfe ya fito.

Game da jikin motar, sharaɗi ɗaya nake gindaya wa kowane mai fenti: zan ga motar tsirara kafin a sa fila, abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Duba kewayen gilashin gaba da na baya, ƙasan ƙofofi da bakin tayoyin baya. Tsatsar da ta huda sai an yanke an ɗinke da sabon ƙarfe, a bi da fentin efoksi, fila ta zo daga baya kuma siririya. Tafi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cusa fila da yawa. Lambar launi tana kan farantin bayanan motar, a haɗa da ita, a fesa maka gwaji ka gani a rana. Ku rubuta yarjejeniya, kuma kada ka biya duka tun farko.

Ranar ɗaura tayoyin, fara kowane noti da hannu, ka ɗaure su tsallake-tsallake da sifana mai awo, daidai adadin da littafin motar ya faɗa. Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya ka sake bin su duka, haka kuma bayan fitarka daji ta farko. In ka tarar noti ɗaya yana ta sakewa, sauke wannan rim ɗin ka duba bayansa kafin yara su sake shiga motar.